Hanyoyin Inganta Ganawar Ɗaukar Injiniyoyin Manhaja Aiki

Duk ɗan kasuwar da ya tashi ɗaukar direban da zai damƙa wa motar dakon kayansa ya san abin da zai yi. Yakan miƙa masa makulli, ya zauna a gefensa, su zaga gari, ya ga yadda yake shiga kwana da yadda yake taka birki, sa'an nan ya yanke shawara. Haka kuma mai shagon ɗinki ba ya ɗaukar tela sai ya ba shi yadi da almakashi ya ga aikin hannunsa. Amma idan aka zo ga injiniyan manhajar kwamfuta, watau mutumin da za a damƙa wa tsarin da ke riƙe da kuɗin kamfani da sunayen abokan cinikinsa, sai a tarar cewa kamfanoni da dama, har da manyan na duniya, sun shafe shekaru suna yi wa masu neman aiki gwajin da bai yi kama da aikin ba.

Wannan batu ya wuce na ma'abota kwamfuta kaɗai. A yau bankuna, da kamfanonin sadarwa, da masu hada-hadar kuɗi ta wayar salula, da asibitoci, da manyan dillalan kayan masarufi, duk sun dogara ga manhaja wajen tafiyar da harkokinsu. 'Yan kasuwar ƙasar nan ba su manta da watannin farko na shekarar 2023 ba, lokacin da ƙarancin takardun Naira ya tura jama'a ga tura kuɗi ta waya, manhajoji da yawa suka kasa ɗaukar nauyin, ciniki ya yi ta tsayawa a bakin shago. Ingancin irin waɗannan manhajoji yana farawa ne tun daga ɗakin da aka zauna aka zaɓi waɗanda za su rubuta su.

Asara iri biyu

Kamfanin da ya yi kuskure wajen intabiyu yana fuskantar asara iri biyu. Ta farko ita ce ya ɗauki wanda bai iya ba. Wannan asara ce da ake gani da ido: albashin watanni, da lokacin da manyan ma'aikata za su ɓata suna gyara ɓarnarsa, da abokan cinikin da za su ƙaura saboda manhajar ta ci musu kuɗi ko ta ƙi buɗewa. Ta biyu ita ce ya kori wanda ya iya. Wannan ba ta fitowa a littafin lissafin kamfani, domin kuwa babu akawun da ke rubuta ribar da aka rasa, amma gwanin da aka sallama yakan tsallaka titi ya kama aiki wurin abokin hamayya.

Saboda tsoron asara ta farko ne kamfanoni suka riƙa tsaurara gwaji, kuma tsoron yana da tushe. A shekarar 2007 wani marubucin manhaja mai suna Imran Ghory ya bayyana wani ɗan gwaji da ya yi suna da FizzBuzz. Ana umurtar mai neman aiki ya rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta jera lambobi daga 1 zuwa 100, amma duk lambar da 3 ke rabawa a sa wata kalma a madadinta, wadda 5 ke rabawa a sa wata kalmar, wadda duka biyun ke rabawa a haɗa kalmomin. Aiki ne na 'yan mintoci, duk da haka masu ɗaukar ma'aikata suka yi ta ba da labarin masu takardun digiri da suka kasa yin sa. Ke nan ba a musun wajibcin gwaji. Abin tambaya shi ne wane irin gwaji.

Daga kacici-kacici zuwa farin allo

A shekarun 1990 kamfanin Microsoft na Amurka ya shahara da yi wa masu neman aiki tambayoyin kacici-kacici, alal misali dalilin da ya sa murfin ramin magudanar ruwa na kan titi yake da'ira. Kamfanoni da yawa suka kwaikwayi wannan salo bisa zaton cewa yana tona kaifin basira. Kamfanin Google ma ya bi sahu na wani lokaci, har sai da ya koma ya kwatanta makin da mutane suka samu a intabiyu da irin aikin da suka yi bayan an ɗauke su. A shekarar 2013, shugaban sashen kula da ma'aikata na kamfanin a lokacin, Mista Laszlo Bock, ya shaida wa jaridar New York Times cewa irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne kawai, ba su nuna wanda zai iya aiki, kuma babban amfaninsu shi ne su sa mai tambayar ya ji shi mai wayo ne.

Abin da ya gaji kacici-kacici shi ne gwajin farin allo. Ana tsayar da mutum a gaban allo, a ba shi alƙalami, a jefa masa wata matsala ta lissafin kwamfuta, a ce ya warware ta cikin minti 30 zuwa 45, yana rubutu yana bayani da baki, mai tambaya kuma yana kallonsa. Wannan salo ya haifar da wata kasuwa mai zaman kanta. Littafin Gayle Laakmann McDowell na shirya wa irin wannan gwaji, wanda ya fara fitowa a shekarar 2008, ya zama abokin tafiyar ɗalibai, kuma dandalin LeetCode ya tara dubban tambayoyi waɗanda masu neman aiki ke shafe watanni suna bitarsu. Sakamakon haka shi ne wanda ke da sararin zama ya yi hadda yakan sha gaban wanda ke da iyali da aikin yi, ko da kuwa na biyun ya fi shi sanin makamar aiki.

A shekarar 2015 gardama ta kaure a tsakanin ma'abota sana'ar bayan da Mista Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da ɗimbin injiniyoyi ke amfani da ita a kan kwamfutocin Apple, ya bayyana cewa Google ya ƙi ɗaukarsa, ya kuma danganta hakan ga kasa warware wata tambaya a kan allo game da tsarin jera bayanai mai rassa biyu-biyu. Ko mene ne haƙiƙanin dalilin kamfanin, labarin ya sa jama'a tambayar ko aikin da mutum ya riga ya yi, wanda duniya ke amfana da shi, bai fi rabin sa'a a gaban allo nauyi ba.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina tare da haɗin gwiwar Microsoft sun gwada wannan salo a kan ɗalibai 48 masu nazarin kimiyyar kwamfuta. An raba su gida biyu, aka ba su matsala iri ɗaya. Rukuni na farko ya yi aikin a gaban mai tambaya kamar yadda aka saba, na biyu kuma aka bar kowa shi kaɗai a ɗaki da allonsa. Ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi idan aka kwatanta da na waɗanda aka bari su kaɗai. Daɗin daɗawa, dukan matan da suka yi gwajin a gaban mai kallo sun faɗi, dukan waɗanda suka yi shi a keɓe kuma sun ci. Adadin ɗaliban ba shi da yawa, saboda haka ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai, amma ya nuna cewa allon yana auna dakiyar zuciya ne a gaban baƙo tare da ilimin, alhali kuwa injiniya a bakin aikinsa yana zaune ne a natse, da littattafai da intanet a gabansa.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe suna auna hanyoyin ɗaukar aiki da ma'aunin da ya tashi daga sifiri zuwa 1, inda sifiri ke nufin hanyar ba ta da bambanci da ƙuri'a, 1 kuma ke nufin tana faɗin daidai yadda mutum zai yi aiki. A shekarar 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara binciken shekaru 85, suka ba gwajin samfurin aiki maki 0.54, ganawa mai tsari 0.51, ganawa marar tsari 0.38, yawan shekarun aiki 0.18, yawan shekarun karatu kuwa 0.10 kacal. A shekarar 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake bin lissafin, suka gano cewa an zuzuta wasu alƙaluman. A sabon lissafin ganawa mai tsari ce ta zo ta ɗaya da 0.42, gwajin samfurin aiki ya sami 0.33, ganawa marar tsari kuma ta sauka zuwa 0.19.

Darussa biyu ne a nan ga mai kamfani. Na farko, babu hanyar da ta kusanci 1, saboda haka duk wanda ya ce da kallo ɗaya yake gane ma'aikacin kirki yana yaudarar kansa ne. Na biyu, tazarar da ke tsakanin ganawa mai tsari da marar tsari babba ce, kuma cike ta ba ya buƙatar sayen wata na'ura.

Mece ce ganawa mai tsari?

Ganawa marar tsari ita ce wadda aka fi sani: manaja ya ɗauki takardar mai neman aiki a karo na farko yayin da mutumin ke zaune a gabansa, ya tambayi abin da ya zo masa a baki, hira ta karkata ga makarantar da suka yi ko garin da suka fito, a ƙarshe ya ce yaron ya kwanta masa a rai. Mai tsari kuwa tana da sharuɗɗa. Kafin a kira kowa, sai a rubuta ayyukan da wanda za a ɗauka zai yi a watanni shida na farko. Daga cikinsu a fitar da siffofi biyar ko shida da ake nema, kamar iya karanta rubutun manhajar da wani ya yi, da gano inda kuskure yake, da tsara ma'ajiyar bayanai, da kiyaye tsaro, da iya yi wa wanda ba injiniya ba bayani. Kowace siffa a tanadar mata tambaya, a kuma rubuta tun da wuri yadda amsa mai rauni take, da matsakaiciya, da mai kyau. Sa'an nan a yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya.

Sharaɗin da aka fi karyawa shi ne na bayar da maki. Wajibi ne kowane mai tambaya ya rubuta makinsa da hujjarsa shi kaɗai kafin a zauna tattaunawa. Idan ba haka ba, da zarar babban manaja ya buɗe baki ya yaba ko ya kushe, na ƙasa da shi za su bi bayansa, ra'ayin mutum huɗu ya koma na mutum ɗaya. Marigayi Daniel Kahneman, wanda ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki a shekarar 2002, ya tsara irin wannan hanya tun a tsakiyar shekarun 1950 domin tantance sababbin sojoji a Isra'ila: siffofi shida, kowace a ba ta maki daga 1 zuwa 5 ita kaɗai, ra'ayin zuci kuma ya zo daga ƙarshe.

Haka nan yawan zama ba shi ne inganci ba. Google ya taɓa yi wa mutum ɗaya ganawa fiye da goma kafin ya yanke shawara. Da ya bincika bayanansa, sai ya gano cewa ganawa huɗu sun isa a yanke hukunci da tabbacin kashi 86 cikin 100, abin da ya biyo baya kuma ɗan ƙari ne ƙalilan. Ƙaramin kamfani ba ya ma buƙatar huɗun.

Gwajin da ya yi kama da aiki

Gani ya kori ji. Maimakon tambayar hadda, kamfanin da ke harkar biyan kuɗi zai iya ba mai nema wata 'yar manhaja da aka dasa wa kuskure da gangan, alal misali wadda ke cire wa mutum kuɗi sau biyu idan layin sadarwa ya yanke a tsakiyar ciniki, a ce ya gano dalili ya gyara. A bar shi ya yi a kan kwamfutar da ya saba da ita, da harshen rubutun manhajar da ya fi ƙwarewa a kai, a kuma ƙyale shi ya duba intanet kamar yadda zai yi a ofis. A ba shi minti 15 ko 20 shi kaɗai ya karanta matsalar kafin a shigo a fara magana. Wanda ya iya zai fara da tambayoyi, ya gwada zatonsa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma faɗi abin da bai sani ba. Waɗannan su ne halayen da za a zauna da su shekara da shekaru.

Wasu kamfanoni suna ba da aikin da za a tafi da shi gida. Hanya ce mai kyau muddin an ƙayyade ta ga sa'o'i biyu zuwa huɗu, an kuma zauna da mutumin daga baya ya yi bayanin abin da ya rubuta, a ce ya sauya wani sashe nan take. Idan aikin ya kai na kwanaki, adalci shi ne a biya. Kamfanin Automattic, mai kula da dandalin WordPress.com, ya yi suna da wannan: shugabansa Mista Matt Mullenweg ya bayyana a shekarar 2014 cewa suna ba masu nema aikin gwaji na haƙiƙa, suna biyansu dala 25 a kowace sa'a. Kamfanin da ya mai da gwaji hanyar samun aikin kyauta kuwa, labarinsa ba ya daɗewa bai zaga tsakanin injiniyoyi ba, kuma gwanaye ne ke fara ƙaurace masa.

Sabuwar matsala: ƙirƙirarriyar basira

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na shekarar 2022, tambayoyin hadda sun ƙara rasa daraja, domin kuwa irin waɗannan manhajoji suna amsa yawancinsu cikin daƙiƙoƙi, kuma mai neman aiki ta bidiyo yana iya karanta amsar daga wani allon ba tare da an lura ba. Kamfanoni sun rabu wajen mayar da martani. A shekarar 2025 shugaban Google, Mista Sundar Pichai, ya ce za su tabbatar da an yi aƙalla zama ɗaya ido da ido. A wannan shekarar kuma kamfanin Canva na ƙasar Ostareliya ya ba da sanarwar cewa yana son masu neman aikin injiniya su yi amfani da waɗannan manhajoji a lokacin gwaji, tun da da su za su yi aiki, abin da za a duba shi ne ko suna iya gane inda na'urar ta yi kuskure.

Akwai kuma batun tabbatar da ko wane ne ake magana da shi. A watan Yuli na shekarar 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na KnowBe4 da ke Amurka ya bayyana da kansa cewa ya ɗauki wani injiniya bayan ganawa huɗu ta bidiyo, daga baya ta tabbata ɗan Koriya ta Arewa ne da ya yi amfani da sunan wani Ba'amurke da aka sace, ya kuma fara ɗora muguwar manhaja da zarar kwamfutar aiki ta isa gare shi. An gano shi da wuri. Idan haka ta faru ga masu sana'ar tsaro, lalle sauran kamfanoni ba su da dalilin yin cinikin biri a sama. Sai dai miƙa wa na'ura aikin tace masu nema shi ma yana da nasa haɗarin: a shekarar 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace takardun neman aiki bayan an gano tana rage wa mata maki.

Inda abin ya shafi Nijeriya

Kamfanonin ƙasar nan suna neman injiniyoyi ne a kasuwa ɗaya da kamfanonin ƙetare masu biya da dala, waɗanda ke iya ɗaukar mutum yana zaune a Legas, ko Kaduna, ko Kano. Ƙwararru su ne suka fi tsada. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a shekarar 2014 domin horar da matasa rubutun manhaja, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a shekarar 2019, yana mai cewa abokan cinikinsa masu dogon hannu a aiki suke nema. Saboda haka kamfanin da ke jan ƙwararre wata biyu yana kai da komo, ba tare da ya faɗa masa albashi ko ranar yanke shawara ba, zai wayi gari ya tarar wani ya riga shi.

A ɗaya gefen kuma, shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a shekarar 2023 a ƙarƙashin Ma'aikatar Sadarwa, da nufin horar da mutum miliyan uku sana'o'in fasaha, tare da cibiyoyin horaswa masu zaman kansu, sun ƙara yawan matasan da suka koyi aikin ba ta hanyar digirin kimiyyar kwamfuta ba. Wanda ya tace masu nema da sunan jami'a ko darajar digiri kawai zai zubar da da yawa daga cikinsu tun kafin ya ga aikinsu, alhali alƙaluman da aka ambata a sama sun nuna ƙarancin abin da shekarun karatu ke faɗi.

Ya kamata kuma a yi la'akari da halin da ake ciki. Ɗaukewar wutar lantarki ko yankewar layi a tsakiyar ganawa ba shaida ba ce a kan iyawar mutum. A tanadi wata rana, ko a gayyato shi ofis a biya masa kuɗin mota. Lafazin Turanci ma ba shi ne gwaninta ba, abin dubawa shi ne ko bayaninsa yana fita sarai. Har ila yau, kada a ba mai neman aiki bayanan abokan ciniki na gaskiya domin gwaji, musamman ganin cewa Dokar Kare Bayanai ta shekarar 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhakin kiyaye su. A ƙirƙiri bayanan wasa domin wannan buƙata.

Ga ɗan kasuwar da shi kansa bai san rubutun manhaja ba, mafita ita ce ya ɗauko ƙwararre amintacce daga waje, wanda ba shi da ɗan takara a cikin masu nema, ya biya shi ladan yini guda domin ya tsara gwajin ya kuma duba sakamako. Shi kuwa mai kamfanin ya riƙe tambayoyin da ya fi kowa iya auna amsarsu: wane aiki ka taɓa yi da ya lalace, me ya jawo, me ka yi a kai? Sa'an nan ya tuntuɓi waɗanda mutumin ya yi wa aiki a baya.

Mataki na ƙarshe, wanda kamfanoni ƙalilan ne ke ɗauka, shi ne adana takardun maki. Bayan shekara guda a ɗauko su a kwatanta da yadda kowane ma'aikaci ya kasance a bakin aiki. Tambayar da gwanaye da raunana suka amsa daidai wa daida a jefar da ita, mai tambayar da makinsa ke saɓa wa abin da ya bayyana daga baya a sake horar da shi. Ta wannan hanya ce Google ya gane kacici-kacicinsa ba su da amfani, kuma kamfani mai injiniyoyi biyar ma zai iya yin haka da fayil guda a cikin durowar manaja.